Yinin da Na Nemi Malam a Bakin Tekun Iskandariyya

Wanda ya tarbe mu a filin jirgin Alƙahira sunansa Nura. Ɗan ƙasarmu ne, ya ce karatu ya kawo shi Masar, yana kuma yi wa marasa lafiya tafinta. Tun daga nesa ya gane mu, don a cikin masu fitowa babu mai babbar riga da hula sai mijina, ni kuma ina bayansa ina jan akwati, da ƙullin kuka da daddawa da Inna ta cusa mini a jakar hannu.

"Hajiya, sannunku da hanya. Malam, ya jiki? Ai kun iso gida, ku kwantar da hankalinku."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba. Malam ya miƙa masa hannun hagu, ya ce, "To."

Ita kaɗai ce kalmar da ta rage a bakinsa. Mijina malamin firamare ne a Anka, mutum mai magana, wanda in aka yi rigimar iyakar gona a unguwarmu shi ake kira ya sasanta. Wata ranar kasuwa yana dawowa daga wajen Bukkuyum a kan babur, 'yan bindiga suka buɗe wa masu wucewa wuta. Harsashi ya same shi a gefen kai. Ya rayu, ya miƙe, yana tafiya da ƙafafunsa, yana jin duk abin da aka faɗa yana kuma ganewa. Amma hannun dama ya mutu, magana ta tafi. Ko rubutu ya gagara, in ya riƙe biro da hagu sai haruffan su watse masa. Aka ce a Masar akwai gwanayen aikin ƙwaƙwalwa. Aka sayar da fadamarsa ta gado, 'yan'uwa suka haɗa abin da Allah ya hore musu, na kai yaranmu uku Gummi wajen Innata, muka taho.

Nura ya sauke mu a wani ɗaki can saman dogon bene, wanda lif ɗinsa, na'urar hawa da sauka, ya daɗe da mutuwa. Kullum da safe zai zo da mota mu tafi asibiti. Yau a ɗebi jini, gobe a tura Malam cikin wata na'ura mai kama da rami, jibi a ce hoton bai fito ba sai an sake. Duk abin da za a biya ta hannun Nura yake bi. Likita zai yi dogon bayani da Larabci yana kallon ƙasa, Nura ya juyo da fara'a ya ce, "Ya ce akwai nasara sosai, gwaji ɗaya ya rage." Fuskar likitan da maganar Nura ba su taɓa yin kama ba. Na lura, amma wa zan tambaya?

Abincin garin burodi ne da wake, safe da rana. Ranar da kewar gida ta ishe ni na kaɗa miyar kuka, na tuƙa tuwo da wani gari da na samu a kanti. Ban sauke tukunya ba maƙwabciya ta zo tana bugun ƙofa, ta toshe hanci tana nuna mini tagar ɗakinta. Warin daddawa ne ya dame ta. Na ba ta haƙuri da hannu, na rufe taga, muka ci tuwonmu a cikin zafi kamar masu cin abin sata.

A ɗakin jira na asibitin na haɗu da Amna. Ina gyara wa Malam hula ina yi masa magana, sai na ji wata mata a gefena ta ce, "Ke Bahausa ce?" 'Yar Sudan ce, kakanninta suka tafi aikin hajji a ƙasa suka zauna a hanya. Yaƙi ya koro ta Alƙahira da mahaifiyarta mai ciwon ƙoda. Hausarta ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci, amma a kunnena ta fi komai daɗi a wannan ƙasa.

Wata rana Nura ya makara, aka kira mu, Amna ta ce bari ta shiga da mu. Likita ya ga sabuwar fuska, ya yi mata bayani. Ta sake tambayarsa, ya maimaita yana buɗe hannuwa.

"Balkisu," in ji ta, "ya ce tun zuwanku na farko ya gaya wa tafintanku babu aikin da za a yi. Wurin da harsashin ya taɓa ya riga ya warke a haka. Ya ce shi ma yana mamakin abin da ke dawo da ku."

Malam yana zaune tsakaninmu. Da na sani da na ja ta waje ta faɗa mini ni kaɗai. Na waiwaya na gan shi yana kallon hannunsa na dama a kan cinya.

Na kira Nura tun muna kan matakala. Ya ce, "Hajiya, likitocin nan sai da dabara, ki bari ina zuwa." Bai zo ba. Washegari wayarsa a kashe, kuma ban sake ganinsa ba har yau.

Likitan ya ce abin da ya rage shi ne masu koyar da magana. Amna tana da 'yar'uwa a Iskandariyya da za ta ba mu ɗaki mai sauƙi, ta kuma san wata likitar da ke wannan aikin a can. Ita ta kai mu tashar jirgin ƙasa, ta sa mu a kujera, ta saya mana dabino. A hanya muka ratsa gonakin shinkafa kore shar, ruwa kwance a ƙarƙashinsu, manoma sun naɗe wando suna cire ciyawa, kai ka ce fadamar Gummi ce a tsakiyar damina. Na taɓa Malam na nuna masa. Ya duba sau ɗaya, ya ja labulen taga.

Likitar Iskandariyya yarinya ce mai haƙuri. In ta yi Larabcin littafi a hankali nakan tsinci wasu kalmomi da na koya a Islamiyya, sauran Amna ta fassara ta waya. Takan ɗaga hoton kofi, ko makulli, ko doki, ta ce Malam ya faɗi sunansa. Sai ya ƙura wa hoton ido, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa, leɓunansa su yi ta rawa, a ƙarshe ya ce, "To." Likitar ba ta ɓoye mana ba. Ta ce abin na shekaru ne, wataƙila wasu kalmomi su dawo, wataƙila kaɗan, kuma aikin a gida za a yi shi, ni ce zan zama malamarsa.

A cikin kwanakin nan ƙanensa Sa'idu ya kira. Na buɗe muryar wayar don Malam ya ji 'yan gida, kamar yadda na saba.

"Yaya, sannu da jiki. Kowa na gaishe ka," in ji Sa'idu. "Wanga abin da munka aiko muku na baya, shanun huɗa ne munka saida. Kar ka damu, Allah na mayarwa. Makaranta ma an kawo wani shina riƙe ma ajinka."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Malam ya tashi ya kwanta, ya juya fuska bango. Daga ranar abinci ya koma sai na yi ta roƙo kafin ya kai loma biyu. Na gaya wa likitar, ta ce zaman ɗaki ne ke cinsa. Ta ce in fitar da shi bakin teku ranar Juma'a, inda duk baƙi ke zuwa, ya sha iska, in riƙa nuna masa abubuwa ina faɗin sunansu.

Muka tafi da hantsi. Na san gulbin garinmu in ya cika ya shafe gonaki, amma ko a shekarar ambaliya kana hango itatuwan ƙetare. Wannan ba shi da ƙetare. Ruwa ne shuɗi har inda ido ya ƙare, yana tasowa yana dukan duwatsu yana komawa. Wani dogon titi ya bi gaɓar ya lanƙwashe kamar lauje, Kornish suke ce masa, da gajeriyar katanga da mutane suka jeru a kai suna cin gyaɗa. Jiragen kamun kifi masu fenti ja da kore suna rawa a kan ruwa. Kekunan doki masu ƙararrawa suna kai da kawo da 'yan yawon buɗe ido. A can ƙarshen lanƙwasar ga wani tsohon gidan yaƙi na farin dutse, mai hasumiyoyi, tsaye a cikin teku. Hanyar zuwa wurinsa cike take da masu sayar da katantanwar ruwa da sarƙoƙi da alewar auduga, da masu hoto suna bin mutane. Har da amarya na gani cikin farar riga ana ɗaukarta.

Na kama aikina. "Malam, jirgi. Ce jirgi. Ga doki can. Do-ki." Mutane suna waiwayenmu. Mutumin da ya koya wa rabin yaran Anka karatu, ga ni ina yi masa kamar ɗan aji ɗaya a tsakiyar kasuwa. A lokacin ban gan shi haka ba, ni dai so nake in ji wata kalma. Ya runtse ido, ya zauna a kan katanga.

Can sai ya taɓa hannuna, ya nuna wata mata da ke gasa masara a can gaba, ya nuna bakinsa. Daɗi ya kama ni. Rabon da ya nemi abinci da kansa har na manta. Na ce, "Zauna nan, kar ka tashi, yanzu ni ka dawowa." Na kutsa cikin mutane. Waɗanda ke kan wuta sun bushe, na nuna wa matar ta gasa mini sababbi masu taushi, na tsaya ina jira tana fifita garwashi.

Da na dawo babu shi a kan katangar. Wasu samari ne zaune a wurin suna kallon waya.

Da farko na ɗauka na ɓata wurin. Na yi gaba, na dawo baya. Na leƙa bayan katanga. Na duba inda ake alwala. Sai lissafin ya fara zuwa mini ɗaya bayan ɗaya: fasfo ɗinsa yana jakata, ba shi da waya, ba shi da ko sisi, bai san sunan unguwar da muka sauka ba, in ma ya sani ba zai iya faɗa ba. Duk wanda ya tare shi ya tambaye shi ko wane ne, amsa ɗaya zai samu.

Na fito da hotonsa a waya na fara tare mutane. Larabcin da nake da shi kalmomi ne ƙalilan. "Zauji. Marid. La yatakallam." Mijina, marar lafiya, ba ya magana. Wasu su girgiza kai, wasu su yi murmushin jin Larabcin littafi a bakina, wasu su kauce suna zaton bara nake. Wani mai keken doki ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Aiwa, aiwa," wato e, yana nuna gaba, ya yi mini alamar in hau. Na hau ina godiya. Ya kaɗa doki muka bi titi. Muna tafiya yana nuna mini wani gunki, ya nuna wani dandali mai ginshiƙai, ya nuna wani ƙaton gini mai kama da faifan da aka jingine, yana faɗin sunayensu da alfahari. Sai da muka yi nisa na gane yawon kallo yake kai ni. Na yi ta bugun kujerar ina cewa ya tsaya. Ya tsaya, ya miƙo hannu, ya tare hanyar sauka har sai da na zube masa kuɗi. Na dawo da ƙafa, rabi gudu rabi tafiya, hijabina yana kama iska yana ja na baya.

Na ce ko gidan yaƙin nan ya ja hankalinsa, don yana son tarihi. Na yanki tikiti na shiga. Ɗakuna ne na dutse, wani cikin wani, da 'yan tagogi sirara da lunguna masu sanyi. Duk lungun da na shiga sai in ga kamar zan same shi tsaye ya goya hannu. Wasu 'yan mata suka kewaye ni suna dariya, suna so su yi hoto da ni, ɗaya har ta rungumo kafaɗata. Na ture hannunta na wuce. Na hau matakala har saman ganuwa, inda ake hango garin gaba ɗaya da dubban kawuna a ƙasa. Na nemi farar hula a cikinsu har idona ya fara ruwa. Na kira, "Malam!" Iska ta kwashe. Sai na kira sunansa na yanka, Isa, wanda tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa furtawa a gabansa ba. Wani Bature da matarsa suka juyo suka dube ni, suka ci gaba da ɗaukar hoton teku.

Kusa da wurin akwai gidan kallon kifi. Na shiga nan ma. Ciki duhu ne, sai hasken akwatunan gilashi. Kowa yana kallon kifaye, ni ina leƙa fuskokin mutane. Na fito na bi ta kasuwar kifi, ƙafata tana santsi a ruwan ƙanƙara, masu talla suna ɗago mini manyan kifaye a fuska. Na bi ta inda ake sassaƙa jirage. Babu wanda ya gan shi.

Aka yi kiran sallah. Zuciyata ta ɗan kwanta, na ce duk inda Malam yake ba zai bar Juma'a ta wuce shi ba. Akwai babban masallaci mai ƙubbobi a tsallaken titi. Na tsaya a bakin ƙofar maza har aka idar, ina duba takalman da aka jera, ina duba masu fitowa. Suka yi ta fitowa ɗaruruwa, suka watse, mai shara ya fara naɗe tabarmi. A nan ne tsoro na gaskiya ya shige ni. Tun da na san shi, ko yana kwance a asibitin Gusau da bandeji a kai, in ya ji kiran sallah sai ya nemi a juya shi gabas.

Na sami 'yan sanda a wata rumfa. Na kira Amna ta yi musu bayani. Suka duba fasfo ɗinmu, suka rubuta suna, suka ce in bai dawo ba zuwa gobe in je ofis. Ɗaya daga cikinsu ya ba ni kujera da ruwa. Ina zaune wayata ta yi ƙara, na ga Inna ce.

"Balkisu, lahiya kuke? Tun safe gabana ka faɗuwa."

"Lahiya lau, Inna."

"To madalla. Ga Asiya nan ta dame ni, wai sai ta gaida babanta."

Na ji muryar babbar 'yata. "Umma, ba Baba in gaya mashi na zo ta ɗaya."

Na ce, "Shina barci, Asiya. In ya tashi ni kira ki."

Na kashe wayar na cusa bakin hijabi a bakina don kar 'yan sandan su ji.

Ban san inda zan nufa ba kuma, sai ƙafata ta mayar da ni inda na bar shi. Rana ta karkata. Matar nan mai masara ta hango ni, ta ƙura wa hannuna ido. Ashe duk yawon nan masarar biyu suna hannuna a cikin ɓawonsu, sun huce. Ta yafito ni. Ƙatuwar mace ce cikin baƙaƙen kaya, fuskarta ta dafe da hayaƙi. Na nuna mata hoton, na faɗi kalmomina uku. Ba ta yi dariya ba. Ta bugi ƙirjinta, ta yi wa mai katantanwar da ke gefenta magana ya kula mata da wuta, ta kama wuyan hannuna ta ja ni.

Ita ba masu yawo take tambaya ba, mazauna wurin take bi. Mai shayi, mai hayar jirgi, mai goge takalma, masu ƙugiya da ke zaune a kan duwatsu da dogayen sanduna. Murya gare ta kamar lasifika, kowa kuma ya san ta. Wani mai shayi ya taɓa kansa alamar hula, ya saki hannunsa na dama ya bar shi yana lilo. Na ce, "Na'am, na'am, shi ne." Ya nuna bayan gidan yaƙin, inda babu masu yawo, inda aka jibge manyan tubalan siminti don su tare ƙarfin ruwa.

Muka bi ta wata siririyar hanya. Hayaniyar mutane ta yanke, sai ƙarar teku. Muka fara hawa tubalan, tana haki ina haki. A kan wani mai faɗi na ga hularsa. An ajiye ta a kan takalmansa, an jera su daidai kamar a ƙofar masallaci, agogonsa yana cikin hular. A nan na gane ba yunwa ce ta sa ya nuna mini masara ba.

Na durƙusa a gaban hular. Matar ta tallafe ni, ta nuna ƙasa.

Yana can a tubalin ƙarshe, wanda ruwa ke hawa. A zaune yake, ƙafafunsa a cikin teku, rigarsa ta jiƙe har ƙirji. Kusa da shi wani tsoho ne siriri mai farin gashi, shi ma a jiƙe sharkaf. Sandar ƙugiyarsa tana yashe a sama, kifin da ya kama ya bushe a rana. Ya naɗe gefen babbar rigar Malam a hannunsa har sau biyu ko uku, ya dunƙule. Magana yake yi masa da Larabci, a hankali, ba ya tsayawa, irin yadda ake yi wa dokin da ya firgita. Muryarsa ta dushe. Ban san tun yaushe yake wurin ba, amma yatsunsa sun yi fari sun tattare.

Tsohon ya ɗago ya gan ni. Bai daina maganar ba, ya dai yi mini alama da kai in sauko a hankali.

Na sauka da baya, ina dafa siminti mai gansakuka. Ruwan ya doke ni, sanyinsa ya ratsa ni har ƙashi. Na zauna a ɗaya gefen Malam. Bai dube ni ba. Duk abin da na tanada tun safe, na kuka da na addu'a, ya ɓace. Na miƙa masa abin da ke hannuna.

"Ga masarar da ka aike ni."

Bai karɓa ba, ya sunkuyar da kai.

"Malam, dube ni," na ce. "Fadama ta tahi, ban yi kuka ba. Shanu sun tahi, ban yi kuka ba. Ka ga na taɓa kai ƙararka wajen wani? In na koma Gummi ni ɗai, mi za ni ce ma Asiya? Ɗazu tab bugo, ta zo ta ɗaya, kai taka nema ta gaya mawa. Na ce kana barci. Ka sa na yi ma ɗiyata ƙarya."

Ya buɗe baki. Na ga yana kokawa, wuyansa ya kumbura, yana bugun ƙirjinsa da hannun hagu, yana nuna ni, yana nuna kansa, yana yarfe hannu kamar mai zubar da abu. Na gane abin da yake nufi sarai.

"A'a," na ce. "Ba kai ka yanke wannan ba. In kaya ne, ni ka ɗauka, kuma ban ce na gaji ba."

Sai ya fashe da kuka, irin wanda ban taɓa ji daga bakin namiji ba. Ranar da aka harbe shi bai yi ba, ranar da likita ya yanke mana ƙauna bai yi ba. Tsohon ya yi shiru a karo na farko. Muka bar shi ya yi har ya gaji, ruwa yana zuwa yana dukanmu mu uku.

Da ya lafa, tsohon ya warware rigar daga hannunsa da ƙyar, don yatsun sun ƙage. Ya miƙo hannu ta bayan Malam ya kamo nawa, ya sa gefen rigar a tafina, ya naɗe mini shi kamar yadda ya yi a nasa, ya rufe yatsuna a kai ya danna. Ya faɗi wata magana da ban gane ba. Daga nan ya tashi, muka kama Malam ni da shi muka hau da shi.

A sama matar mai masara tana zaune tana sharar hawaye da bakin mayafinta. Na durƙusa na sa wa Malam takalmansa da hannu ɗaya, na ɗora masa hula. Na juya in yi wa tsohon godiya, na rasa da wane harshe. Na ce, "Jazakallahu khairan," na sake faɗa, na sake. Ya ɗaga hannu sama, ya tattara sandarsa da busasshen kifinsa, ya bi ta kan tubalan ya tafi yana ɗingishi. Ban san sunansa ba. Ko na matar ban tambaya ba, ita da ta raka mu har titi, ta tsaya ta gasa wasu masarar masu zafi ta tura wa Malam a aljihu, ta ƙi karɓar komai.

Muka ratsa ta cikin taron nan a jiƙe, ruwa yana ɗiga daga kayanmu. Ana ta busa balan-balan, yara suna shan askirim, masu hoto suna kiran mutane. Ba wanda ya san daga inda muka fito.

Abin da ya faru a kan tubalan nan ban taɓa gaya wa Inna ba, ko Sa'idu, kuma ni da Malam ba mu taɓa komawa kansa ba sai yanzu. Da izininsa na rubuta wannan, na karanta masa, ya gyaɗa kai. Yanzu muna Anka. Yana kiran sunayen yaransa, yana cewa ruwa, yana cewa sannu, Fatiha tana fita har ƙarshe in an fara masa. Wasu ranakun yakan wuni bai ce komai ba, ni ma in ƙyale shi.

A ranar dai, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari muka hau zuwa masauki. Ya cika maƙil, wani saurayi ya tashi ya ba mu wuri. Har lokacin gefen rigar yana naɗe a hannuna, ban sake shi ba ko da muke hawa. Hannun ya fara yi mini zugi, amma na kasa buɗewa. Muna cikin tafiya na ji Malam yana taɓa yatsuna. Na ƙara damƙewa. Ya dube ni, ya girgiza kai a hankali. Da hannunsa na hagu ya riƙa ɗaga yatsun nawa ɗaya bayan ɗaya har ya zare rigar. Sai ya sa tafinsa a inda take, ya riƙe hannuna a gaban duk mutanen da ke cikin taragon, abin da bai taɓa yi ba ko a tsakar gidanmu. Haka muka zauna har aka zo tasharmu.